Shin Furobayotik Na Maganin Ciwon Suga? Amsa Ga Wata Mai Jinyar Mahaifiyarta

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata ta shekara shida da ciwon suga, tana shan metformin safe da dare. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan ƙarin lafiya ta kawo mata wani kafso, wai shi furobayotik. Ta ce asalin ciwon suga daga hanji yake, da zarar an gyara hanji ciwon ya tafi, kuma ta ce a rage maganin asibiti don yana kashe ƙoda. Kuɗin kwalba ɗaya ta wata guda ya fi kuɗin maganinta na wata uku. Da gaske yana aiki? Kuma nono da kindirmon da muke sha ba su wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada Hajiya ta rage ƙwaya ko ɗaya daga maganinta saboda wannan kafso. Idan har ta riga ta rage, a auna suganta yau, ta koma kan yadda likitanta ya rubuta mata, sannan a gaya masa abin da ya faru ba tare da ɓoye komai ba. Batun ƙoda kuwa an juya shi ne a baibai. Ba metformin ke lalata ƙoda ba, sugan da aka bari ya yi ta hauhawa shekara da shekaru shi ke cinye ta, musamman in ya haɗu da hawan jini. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne ƙoda ce ke fitar da metformin daga jiki, don haka idan ta raunana likita kan rage adadinsa ko ya canza shi. Mutane suka ga ana cire maganin ga masu ciwon ƙoda, sai suka ɗauka shi ne ya jawo. Na sha karɓar marasa lafiyar da wannan jita-jita ta raba su da maganinsu, suka dawo da gyambon ƙafa ko ido ya fara dishi-dishi, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai, domin da yawansu da kyakkyawar niyya 'ya'yansu suka saya musu abin da ya maye gurbin maganin.

Amma ba duk maganar maƙwabciyarku ce ƙarya ba. Akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin hanji da suga, kuma ya kamata ki san ta sosai, domin sai kin san inda gaskiyar ta tsaya za ki gane inda talla ta ɗora.

A cikin jikin baligi akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, bisa ƙiyasin da wasu masana suka fitar a 2016, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Gaba ɗayansu nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Ba cuta ba ne, ma'aikata ne. Akwai wani sashe na abincinmu da cikinmu ba ya iya narkarwa, wato harza, wadda wasu ke kira faiba: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa da na kuka. Wannan yana wucewa har babban hanji, bakteriya su tarbe shi su ruɓar da shi, su fitar da wasu sinadarai masu tsami guda uku, asitet da furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin bangon hanji, shi ke sa bangon ya yi ƙwari ya toshe kafofi. Waɗannan sinadarai kuma suna zaburar da wasu ƙwayoyin halitta a hanji su saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke umartar fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, ta fitar da insulin, sinadarin da ke sauko da sugan jini, bayan an ci abinci, yana kuma rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya sa mutum ya ji ya ƙoshi. Allurar Ozempic ta masu ciwon suga da ake ta yayatawa kwaikwayon wannan sinadari take yi. A ɗaya ɓangaren, idan bangon hanji ya raunana, ɓurɓushin wasu bakteriya yana tsallakawa cikin jini ya haddasa wani kumburi na ɓoye, marar zafi, wanda ke sa jiki ya daina jin maganar insulin. Masanin nan ɗan Beljiyam Patrice Cani da abokan aikinsa sun nuna haka a jikin ɓeraye a 2007.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi ne a ɗakin binciken Jeffrey Gordon da ke Jami'ar Washington a birnin St. Louis na Amurka, aka wallafa a 2013. Sun nemo mata tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka ɗebi bakteriyar bayan gidansu suka sa wa ɓerayen da aka rena ba su da bakteriya ko ɗaya a ciki. Ɓerayen da suka karɓi na mai ƙiba suka tara kitse, waɗanda suka karɓi na siririyar ba su tara ba, alhali abinci iri ɗaya suke ci. Daga nan aka haɗa su keji ɗaya. Da yake ɓera yana cin kashin ɗan'uwansa, sai bakteriyar siraran ta shiga cikin sauran ta hana su yin ƙiba. To ga wurin da nake so ki riƙe: wannan kariya ta samu ne lokacin da ake ba su abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin kitse. Da aka koma ba su abinci mai maiƙo marar harza, bakteriyar kirkin ta kasa kafuwa. Za mu dawo kan wannan.

A jikin mutane ma an ga alamu. A 2012 wani bincike kan mutum 345 a ƙasar Sin ya gano masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya, suna da ƙarancin bakteriyar da ke samar da butiret. A wannan shekarar kuma likitoci a Amsterdam suka yi gwaji da maza 18 masu ƙiba da alamun shigowar suga, suka zuba wa rabinsu bakteriyar hanjin siraran mutane ta bututu. Bayan mako shida jikinsu ya fi amsa insulin. Sai dai da aka maimaita gwajin da mutane masu yawa, aka bi su zuwa mako 18, amfanin ya gushe, hanjinsu ya koma yadda yake. Ki lura, wannan ba kafso ɗaya ba ne, garin bakteriya ne sukutum aka kwashe daga wani aka kai wa wani, amma duk da haka bai ɗore ba.

Akwai kuma wani abin da mai tallar ba za ta gaya miki ba, ƙila ma ba ta sani ba. Shi kansa metformin babban ɓangaren aikinsa a hanji yake yi. Bincike a 2015 da 2017 ya nuna yana sauya yanayin bakteriyar hanji, yana ƙara yawan wasu masu amfani, har ta kai wasu bambance-bambancen da aka fara ɗora wa ciwon suga aka gano ashe aikin maganin ne. Wato abin da ake so Hajiya ta ajiye don ta “gyara hanji” yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna taɓa hanjin.

To mene ne furobayotik? Tunanin tsoho ne. Tun a 1907 Élie Metchnikoff, masanin nan ɗan Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur a Faris, ya yi hasashen cewa tsawon ran manoman Bulgeriya yana da nasaba da madara mai tsami da suke sha kullum. A 2001 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da na Hukumar Abinci da Aikin Gona suka ba shi ma'anar da ake amfani da ita har yau: ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda, idan aka sha adadin da ya isa, suke amfanar lafiya. Sharuɗɗa uku ke nan, su kasance da rai, su kai adadi, kuma a tabbatar da amfanin. Sannan ba abu ɗaya ba ne. Kamar yadda ba za ki ce “ganye” yana maganin zazzaɓi ba sai kin faɗi wane ganye, haka abin yake a nan. Abin da wani nau'in bakteriyar Lactobacillus ya yi, ɗan'uwansa mai kusan suna ɗaya da shi ba lallai ya yi ba.

An yi gwaje-gwaje da dama a kan masu ciwon suga nau'i na biyu, inda ake ba wasu furobayotik, wasu kuma kafson da babu komai a ciki, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Yawancinsu ƙanana ne, mutum hamsin ko sittin, na tsawon mako takwas zuwa sha biyu, kuma kaso mai yawa daga ƙasar Iran suka fito. Kowanne da nau'in bakteriyar da ya yi amfani da shi. Wasu sun ga sauƙi, wasu ba su ga komai ba. Idan aka tattara su aka yi lissafi, akan ga suga ya ɗan sauka. Ma'aunin da muka fi dogara da shi shi ne HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, kuma ga yawancin manya muna neman a riƙe shi ƙasa da 7. Furobayotik, a mafi yawan waɗannan lissafe-lissafe, yana rage shi da ƙasa da rabin maki. Metformin shi kaɗai yana ragewa da maki ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ce na Hajiya yana kan 9. In an yi sa'a kafson ya kai shi 8.7, har yanzu tana cikin haɗari. In kuwa ta ajiye metformin saboda shi, ya tashi zuwa 10 ko fiye. Kuma kusan duk waɗanda aka yi gwajin a kansu suna shan maganinsu ne aka ƙara musu furobayotik a kai, ba musanya aka yi ba. Babu wani gwaji da ya nuna yana hana makanta, ko ciwon ƙoda, ko yanke ƙafa, ko shanyewar ɓarin jiki, waɗanda su ne ainihin abin da muke gudu. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, wadda likitoci da yawa a duniya ke bin ƙa'idojinta, ba ta sa shi cikin magungunan rage suga ba.

Dalilin ƙarancin tasirinsa ba ɓoyayye ba ne. Kafso mai kyau yakan ɗauki bakteriya kamar biliyan 10. Ki auna da tiriliyan 38: ɗaya ke nan cikin 3,800, kafin ma tsamin ciki da ruwan matsarmama su kashe wasu a hanya. Waɗanda suka isa kuma sun tarar da gari cike da masu shi. A 2018 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka leƙa hanjin mutane da na'ura bayan sun sha furobayotik, suka tarar a cikin wasu ya ɗan zauna, a cikin wasu kuwa ya wuce kai tsaye zuwa masai. Fatake ne, ba 'yan gari ba. In an daina sha, cikin 'yan kwanaki ko makonni sawunsu ya ɓace.

Akwai wata bakteriya da nake sa wa ido, Akkermansia muciniphila, wadda aka gano a Jami'ar Wageningen ta Holan a 2004. Tana zaune cikin majinar da ke lulluɓe bangon hanji, kuma takan yi ƙaranci a jikin masu ƙiba da masu suga. A 2019 aka wallafa gwajinta na farko a kan mutane a Beljiyam, mutum 32 suka kammala wata uku, aka ga jikin waɗanda suka sha ya fi amsa insulin. Abin mamaki, wadda aka kashe da zafi ta fi mai rai aiki. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutum 32 ba su isa a gina magani a kansu ba, kuma ba ita ce ke cikin yawancin kwalaben da ke yawo a unguwanni ba. Wurin da na ga furobayotik zai iya yin ɗan amfani ga mai suga shi ne wanda metformin ke sa shi zawo da kumburin ciki. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana rage wannan. Ko a nan ma, shan maganin a tsakiyar cin abinci ko komawa nau'insa mai narkewa a hankali ya fi sauƙi da arha.

Ga mai ƙoshin lafiya, furobayotik ba ya cika yin illa fiye da iska da ƙugin ciki na 'yan kwanaki. Amma kalmar “na halitta ne, ba ya cutarwa” ba gaskiya ba ce ga kowa. A Holan an gwada shi kan masu matsanancin kumburin fankiriyas, aka wallafa a 2008: kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka ba suka rasu, a ɗaya rukunin kashi 6. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba jarirai bakwaini, bayan wani jariri ya rasu sakamakon bakteriyar da aka ba shi ta shiga jininsa. Masu juna biyu ma su yi hattara. Wani gwaji a Finland a 2010 ya sa an yi zaton yana hana sugan ciki, amma wani mafi girma a Ostireliya a 2019, da mata sama da 400, bai ga haka ba, kuma bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta yi a 2021 ta ga alamar yana ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko mai shan maganin daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, kada ya sha sai da izinin likita. Mai suga nau'i na ɗaya kuwa, wanda sau da yawa tun yana yaro yake kamuwa, rayuwarsa a kan allurar insulin take. Dakatar da ita na kwana ɗaya ko biyu na iya jefa shi cikin suma.

Sai matsalar da ta fi shafar mu. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Kwalbar da ta kwana a tashar jiragen ruwa, ta biyo babbar mota zuwa Arewa, ta zauna a kanta ko cikin jakar hannu a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, wa zai ce miki abin da ke ciki yana numfashi? Ki ɗauki kwalbar ki duba. Shin an rubuta cikakken sunan bakteriyar har da lambar nau'inta, kamar Lactobacillus rhamnosus GG, ko kuwa an ce “haɗin bakteriya masu amfani” kawai? Adadin da aka rubuta na ranar da aka haɗa ne ko na ranar ƙarewar wa'adi? Akwai lambar NAFDAC? Ko da akwai, ki sani lambar da ake ba kayan ƙarin lafiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da wata cuta. Duk kwalbar da aka rubuta wa “yana warkar da ciwon suga”, wannan rubutun kaɗai ya isa ki mayar da ita.

Yanzu ga rabin tambayarki da ya fi muhimmanci a wurina, batun nono da kindirmo. E, suna ɗauke da bakteriya masu rai dangin Lactobacillus da Streptococcus, su ne ma ke sa madarar ta yi tsami ta kama. Manyan bincike a Jami'ar Harvard da suka bi dubban mutane shekaru masu yawa sun nuna masu shan yogot kullum sun fi ƙarancin kamuwa da suga, da kusan kashi 18 cikin ɗari a lissafin da aka wallafa a 2014. A watan Maris na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin yogot cewa shan aƙalla kofi biyu a mako na iya rage haɗarin kamuwa, tare da sharaɗin a bayyana cewa hujjar taƙaitacciya ce. Wannan magana ce ta rigakafi, ba ta warkarwa ba, kuma irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa yogot ɗin ne da kansa ya yi aikin. A Jami'ar Stanford kuma, a 2021, an sa mutane cin abinci mai tsami na tsawon mako goma, aka ga nau'o'in bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Don haka ina goyon bayan Hajiya ta riƙa shan kindirmo, kofi ɗaya a rana ya yi.

Amma da sharuɗɗa, domin yadda muke shan sa ne matsalar. Kindirmo shi kaɗai ba ya tayar da suga sosai. Kwanon fura mai dunƙule uku da cokalin suga huɗu wani abu ne daban. Gero ne da aka daka aka dafa, ga suga, ga shi ruwa-ruwa yana saurin shiga jini. Yogot ɗin roba da na leda kuwa yawancinsu an cika su da suga, wasu ma an sake dafa su bayan sun yi tsami don su daɗe a kanta, bakteriyar ta mutu. Zuma da dabino ba mafita ba ne, su ma suga ne a wajen jini. Sharaɗi na biyu shi ne tsafta. Kindirmo na gaskiya da dafaffiyar madara ake yin sa, shi ya sa na fi son sa. Nonon da aka bar ɗanyar madara ta yi tsami da kanta yana iya ɗauko tarin fuka na shanu ko cutar burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale, ga kuma ruwan da akan sirka shi da shi wanda ba a san daga ina aka ɗebo ba. Mai suga ba ya jure amai da gudawa kamar kowa. Abin da ya fi shi ne a yi a gida: a tafasa madara, ko a dama ta gari marar suga da tafasasshen ruwa, a bari ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, a zuba cokali biyu na kindirmon jiya, a rufe a kwana. Koko da kunu kuwa, duk da gasarar ta yi tsami, ruwan zafi ya riga ya kashe bakteriyar, abin da ya rage sitaci ne mai saurin tayar da suga. Daddawa ma tafasa take sha a miya. Tana da nata amfanin, kuma ta fi tulin dunƙulen ɗanɗano, amma ba don bakteriya mai rai ba.

Mu koma kan ɓerayen Gordon. Bakteriyar kirki ba ta kafu ba sai da aka ba ta abincinta. Makiyayin da garkensa ke ramewa saboda babu ciyawa, sayo sabuwar saniya ba zai fisshe shi ba, kiwo zai nema. Hajiya tana da garke na tiriliyoyi a cikinta, abin da suke jira harza ce. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta hanjin yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, wato irin abin da kakanninmu suka tashi a kai. Aka tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, ya fi samar da waɗancan sinadarai masu tsami, kuma yana cike da masu narkar da harza waɗanda babu su a cikin yaran Turai. A 2018 kuma, a ƙasar Sin, ƙungiyar Liping Zhao ta ba masu ciwon suga abinci mai yawan harza na mako 12. Kashi 89 cikin ɗari suka sauko ƙasa da maki 7, a rukunin da ke cin abincin masu suga na yau da kullum kuwa kashi 50, kuma duka rukunan biyu suna shan magani. Gwajin ƙarami ne, mutum 43, amma ya yi daidai da abin da manyan bincike kan harza suka daɗe suna nunawa.

Wannan shi ke ba ni takaici idan na dubi kwanukanmu na yau. Mun surfe hatsi mun ba dabbobi dusar, mun koma farar shinkafa da burodi da taliya da tuwon farin gari, lemon kwalba ya maye gurbin ruwa, sannan a zo a sayar mana da kafso daga ƙetare don ya gyara abin da miyar kuka da wake suke gyarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake da ɓawonsa yana ba da kusan giram 11. A ƙara da kwaɗon zogale ko rama, miyar kuɓewa ko kuka ko karkashi mai yawa a kan tuwo ɗan madaidaici, tuwon kuma na dawa ko gero da ba a surfe shi tas ba, da ɗanyen kabeji, da yalo, da gyaɗa cikin tafin hannu, da gwaiba. Rabin faranti ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. A ƙara a hankali cikin makonni, da shan ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai cika da iska ta ce abin bai karɓe ta ba. Idan gwaji ya nuna ƙodarta ta fara rauni, a tambayi likita kafin a yawaita wake da ganye, domin a lokacin akwai abin da ake taƙaitawa. Sannan a daina sayen Ampiclox da Flagyl a kemis duk lokacin da ciki ya murɗa ko mura ta kama. Irin waɗannan magunguna suna share bakteriyar kirki tare da ta banza, wasu nau'o'in sai sun yi watanni kafin su farfaɗo.

Kuɗin kwalbar nan, da ni ce ke, ga inda zan kai su. Na farko gwajin HbA1c, a maimaita duk wata uku zuwa shida. In Hajiya tana da sikila ko ƙarancin jini a gaya wa likita, domin suna iya karkatar da sakamakon. Na biyu gwajin ƙoda, na jini da na fitsari, sau ɗaya a shekara, tare da duba ƙwayar ido da tafin ƙafa. Tun da ta shekara shida kan metformin, a duba mata bitamin B12, don maganin yana rage shi a jikin wasu, abin da kan jawo jin ƙafa kamar ana tsira allura. Na uku na'urar gwajin suga ta gida da tsinkayenta. Gani ya kori ji: ki auna ta kafin ta sha fura, ki sake aunawa bayan awa biyu, washegari ki yi haka da kindirmo zalla da ɗan wake. Abin da muke nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 da safe kafin a karya, ƙasa da 180 bayan cin abinci, wato 4.4 zuwa 7.2 da kuma ƙasa da 10 idan na'urarku mai ƙananan lambobi ce. Dattawa sun fi yarda da lambar da suka gani da idonsu fiye da faɗan 'ya'yansu.

In duk an yi wannan, akwai rarar kuɗi, kuma ranta ya kwanta da gwada furobayotik, ban hana ba. A nuna wa likitanta kwalbar, ta ci gaba da maganinta yadda yake, a auna HbA1c kafin ta fara da kuma bayan wata uku. In bai motsa ba a bari.

Ke ma, Malama, ki auna naki. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da suga haɗarinsa ya fi na sauran mutane, kuma ƙiyasin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya nuna fiye da rabin manya miliyan 24 da ke da ciwon a yankin Afirka ba su san suna da shi ba. Idan na safe kafin karyawa ya faɗa tsakanin 100 da 125, kina bakin ƙofa ne, kuma a nan ne aka fi samun nasara. A babban gwajin rigakafi na Amurka da aka wallafa a 2002, da mutum 3,234, tafiyar minti 150 a mako da rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Minti talatin ke nan sau biyar a mako, kuma za ku iya yin sa tare da Hajiya a tsakar gida bayan cin abincin dare, lokacin da sugan ke kan hawa.